Na ɓare takardar kwalbar na ce ma Inna maganin gwiwa ne

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bin wannan shafi. Don girman Allah ki sakaya sunana. Masu karatu kuma ina roƙonku ku bari sai kun kai ƙarshe kafin ku zage ni, in ma zagin ne, wanda nake yi ma kaina ya fi duk wanda za ku rubuta. Shawara nake nema, kaina ya kulle.

Ni ɗiyar fari ce wurin Innarmu. Wanda ya san al'adarmu ya san mi wannan ke nufi, ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ba ta zama hira da ni. Tun da anka yaye ni kakata ta tafi da ni Rabah, can na girma, daga can anka kawo ni aure Wurno, ita kuma Inna tana Goronyo tare da ƙanena, bari in kira shi Sanusi. In na je gida ina zaune gabanta za ta ce mashi, "Ka ce ma waccan ga tuwo nan." Na san kunya ce, ba ƙiyayya ba, amma wallahi tun ina ƙarama nake ƙishin in yi mata wani abu guda wanda za ta san daga hannuna ya fito.

Inna mace ce mai jiki, Allah ya yi ta haka, kuma da girma ya zo sai gwiwoyinta sunka ƙi ɗaukarta. Har ta kai sai bisa kujera take sallah, ba ruku'u ba sujada, abin kuma shina cin ranta ƙwarai. Da Sanusi ya kai ta asibiti anka ce ta rage ƙiba, ta rage tuwo da maiƙo, ta riƙa ɗan tattaki. Tun a hanya ta ce ba da ita ba. "In rame? Mutanen gari su ce ɗiyana sun bar ni da yunwa? Jikin da Allah ya rufa mani asiri da shi?" Daga nan ba wanda ya sake iya tayar mata da zancen.

Ni ce mai wayon banza. Na sha ganin tallan maganin rage ƙiba a waya, mace ta nuna hotonta na da da na yanzu awa ba ita ba. Ranar kasuwa na shiga wani kemis nan Wurno na tambaya, mai shagon ya miƙo mani wata kwalba da koren kafso ciki, da hoton wata siririyar mata a jiki da rubutun da ban iya karantawa. Na ce, "Malam, tsohuwa za ta iya sha?" Ya ce, "Hajiya, ganye ne zalla, ko yaro ya sha ba abin da zai same shi. Ba ki ga ba a neman takardar likita ba?" Ban tambayi kowa ba bayan shi. Ko mijina ban gaya mawa ba. Na san in Inna ta ga hoton nan ba za ta taɓa shi ba, sai na jiƙa takardar da ruwa na ɓare ta tas na jefa murhu. Na kai mata na aje kusa da tabarmarta, na ce da ɗaki, tunda haka muke magana, "Ga maganin gwiwa, daga Makka anka kawo shi, ɗaya kullum." Ƙarya har da sunan Makka, ya Rabbi ka yafe mani. Ta ɓoye shi cikin kayanta don Sanusi ba ya son maganin da ba na asibiti ba.

Da na koma bayan ɗan lokaci na tarar fuskarta ta faɗa, zanenta ya yi mata yawa, tana cewa jikinta ya yi sakayau. Ta juya kanta wajen bango ta ce, "Allah shi yi ma mai kawo shi albarka." Anti, a cikin mota har Wurno kuka nake yi don daɗi. Kwalba ta biyu da ta uku da gudu na sayo su. Wace irin ɗiya ce ke ganin uwarta na zubewa ta ɗauka sauƙi ne?

Sai azumi ya kama, cikin zafin nan na lokacin cirar albasa wanda ko mai lafiya sai ya galabaita. Na ce ta riƙa sha da sahur. Ashe ita da ta ga shina mata aiki sai ta ƙara, tana sha da sahur tana sha da buɗa baki. Ashe tun farko abin zawo yake sa ta, da fitsari ba tsayawa, ga bugun zuciya, ga baki a bushe. Mi zai sa ta gaya mani? Uwa za ta dubi ɗiyar fari ta yi mata zancen bayan gida? Ni ma ban tambaya ba, ramar kawai nake kallo. Rannan bayan la'asar tana zaune rumfa tana tsince albasar da Sanusi ya kwaso daga fadama, sai ta kife. Da ta farfaɗo anka kawo mata ruwa ta rufe bakinta, ta ce ba ta karya azumi saura kaɗan a sha ruwa.

Yanzu tana babban asibiti a Sakkwato. Sun ce ƙodarta ta taɓu, wankin ƙoda ake mata, ƙafafunta sun kumbura, macen da ke cika ɗaki da murya yau sai ka kanga kunne kafin ka ji mi take cewa. Likita ya tara mu ya ce, "Ku faɗa mani gaskiya, mi take sha a gida?" Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da idonshi ya zo kaina na sunkuyar da kai na ce ban sani ba, ni Wurno nake. Sanusi ne ya tuna da sassaƙen da Gwaggo Hajo, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ta kawo mata daga ƙauyen Boyekai don ciwon gwiwa. Shi ke nan laifi ya hau kanta. Tsohuwar nan ta biyo mota da ƙwaryar fura ta zo dubiya, Sanusi ya tare ta bakin ƙofa gaban mutane ya ce, "Gwaggo, kin gama naki, ki koma inda kika fito." Ta tsaya da furarta a hannu tana rantsuwa tana hawaye, ni kuma ina tsaye bayan ƙofa, na san sassaƙen nan ko kwance ƙullinshi Inna ba ta yi ba. Na bar laifin bisa kanta.

Na kasa haƙuri na samu wata nas na ce wai maƙwabciyata ce ke shan irin wannan magani, ko shina da illa? Ta ce da yawansu ba kitse suke narkewa ba, ruwan jikin mutum suke tatsewa, shi ya sa ake ganin rama da wuri, kuma wasu akan cusa masu abin da ba a rubuta a jiki ba. Ta dube ni irin kallon wadda ta gane, ta ce, "In maƙwabciyar taki na kwance asibiti, a kawo ma likita maganin ya gani da idonshi, kada a bar shi shina lalube." Na ce to, na fita na zauna gindin iccen bedi.

Ko duk wannan bai kai abin da ya faru jiya ba. Sanusi ya fita sayen magani, ya rage ni da ita, sai ta ce a hankali, idonta na kallon rufin ɗaki, "Na wurina ya ƙare shekaranjiya." Kafson nan da na kai mata take nufi. Ashe ta ƙulle sauran a bakin zanenta ta taho da su, tana haɗiya a ɓoye bisa gadon asibiti, ana wanke mata ƙoda tana ƙara zuba abin da ya lalata ta. Ta ce, "Duk tarkacen da suke ba ni ba wanda na ji daɗinshi awa wancan. A ƙaro mani, kada a gaya ma likita, hana ni za su yi. In kuma ya yi wuyar samu, kwalbar na gida, sai in ba Sanusi shi nemo." Na ce to Inna. Abin da ya fito bakina ke nan, to Inna.

Na dawo Wurno da sunan ɗauko kaya, gobe da safe zan koma. Akwai kwalba guda da na saya ban kai ga ba ta ba, tana nan gabana da takardarta ban ɓare ba. In na kai mata na ƙarasa ta da hannuna. In na ce babu, za ta aiki Sanusi, mai kemis na farko da ya ga kwalbar, ko ba takarda, zai gaya mashi ko ta mi ce. In na miƙa ma likita, gaban Sanusi zan miƙa, kuma na san ƙanena, ba zai bar ni in sake taka ɗakin ba ko ranar da za a fito da ita. Ita kuma za ta ji cewa na yi mata ƙarya, kuma ni na kwantar da ita. Likita ma bai ce za ta tashi ba ko da an san maganin. Ina tsoron ta tafi tana sa mani albarka a kan abin da ya kashe ta, ina kuma tsoron ta tafi da fushina.

Don Allah ku dube ni awa ƙanwarku ku gaya mani kafin in hau motar nan. Mi zan yi?