Launin Rigar Gwaggo Mai Hula

Zuwa ga Ikram, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randa a bakin mai azumi, matata wadda ban san darajar muryarta ba sai da ta yi shiru. Assalamu alaikum, tare da gaisuwar mijin da ya san shi ne mai laifi.

Daga ɗakinmu na unguwar Sanyuanli a nan China nake rubuto miki, inda takalminki yake bayan ƙofa har yau. Wata biyar ke nan ina tura saƙo ta waya, ina ganin kin buɗe, ba amsa. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, na roƙi Alhaji Shitu, maƙwabcinmu da zai taso Kano jibi, ya miƙa miki hannu da hannu.

Kin tuna Gwaggo Mai Hula? Kai, wace irin tambaya ce wannan, ai ke kika raɗa mata sunan! Baturiyar nan 'yar wasan barkwanci ta Hollywood, ta zamanin fim baƙi da fari, wadda Babanki ya sani tun yana juya na'ura a sinima, ya kuma tara miki finafinanta kika taho da su har China. Kowace Lahadi bayan la'asar, ruwa na dukan taga, sai ki dafa shayi ki kunna ta. Ta zama sakatariya mai ƙaryar ita 'yar attajiri ce. Ta zama amaryar da ta shiga jirgin ƙasan da ba nata ba. Ta bi hularta da iska ta ɗauke har ta faɗa cikin kwatami, ta miƙe tana gyara wuyan riga kamar ba abin da ya faru. Ke kuwa dariya har da riƙe ciki, har tsohuwar ɗakin kusa ta buga bango. Wayyo wannan dariya taki, Ikram! Wane tsuntsu ne a garin nan ya iya ta? Wace damina ce ta taɓa jiƙa ni kamarta?

Ke kika ba ni tarihinta. Shekara bakwai tana rawa a sahun baya, ba wanda ya san sunanta, sai ranar da ta yi tuntuɓe gaban kyamara ma'aikata suka fashe da dariya. Daga nan fim sama da talatin. Sau ɗaya ta gwada fim na kuka, 'yan kallo suka ƙi, ta koma faɗuwarta har furfura ta fito. Kika ce kowace faɗuwa sai ta maimaita ta sau goma kafin a ɗauka, kuma dogayen rigunanta gwiwoyi masu rauni suke rufewa. Na ce to, na ci gaba da danna waya.

Haka na yi miki ranar da ta fi kowace rana. Kin je gida haihuwa, na biyo ki, Allah ya ba mu 'ya, ya karɓi abarsa bayan kwana goma sha biyu. Ana gama sadakar uku na ɗaure jaka, wai kwantena ba ta jira. Na tsaya bakin ƙofar ɗakin Umma na ce ki yi haƙuri, kamar wani ɗan unguwa da ya zo ta'aziyya. Ƙarya na yi, Ikram. Kwantena tana jira. Fuskarki ce na kasa kallo, tsoro na ji, na gudu na bar ki da nono cike da hannu babu kowa. Ina jin kunyar wannan fiye da duk abin da na taɓa aikatawa.

Yanzu ni kaɗai nake kallon Gwaggo. Wallahi ban yi dariya ko sau ɗaya ba. Duk sanda ta faɗi, gwiwar nake gani.

A fim ɗin jirgin ƙasa akwai rigar da kike so, doguwa har ƙasa, mai dogon hannu da jerin maɓallai daga wuya zuwa ƙugu. Na tsayar da fim, na ɗauki hotonta, na nufi kasuwar tufafi ta Baima, yadda na saba kai samfurin kayan mutane. Shekara tara ina wannan sana'a, in aka ba ni hoto sai na fito da kaya. Laoban na farko, wato mai shago, ya tambayi guda nawa, na ce ɗaya. Ya yi dariya ya ce meiyou, babu, sai dai ɗari biyu. Na biyu ma haka, na biyar ma haka. Me zan yi da riga ɗari biyu, ni da mace ɗaya nake nema? A ƙarshe na samu wata tsohuwar tela a lungun bayan kasuwa, ta yarda. Na kai mata abayarki ta auna, ta zana wuya, ta ƙirga maɓallai sha huɗu. Sannan ta rubuta a wayarta ta juyo mini fassarar: wane launi?

Na duba wayata. Hoton toka-toka ne, ba ja ba kore. Sai na tuna. Wata Lahadi kin dafa kafaɗata kin ce ke kin san launin rigar nan ko da fim bai nuna ba, kin kuma faɗe shi. Na ga leɓɓanki sun motsa. Amma mai jigilar kaya yana kunnena a waya yana maganar kwalaye, na ɗaga miki hannu alamar ina zuwa. Ban zo ba. Tela ta baje mini yadi kala-kala, na fita waje na jingina da bango, ni ƙato da gemu, ina kuka mutane na wucewa da kurar kaya.

Zan iya cankar launi, na sani. Amma na gaji da yanke miki abu ba tare da na ji bakinki ba.

Ban roƙe ki ki yi dariya ba, ya hasken gidana. Ban roƙe ki ki dawo garin nan ba, ban ma isa in ce ki yafe yau ba. Kalma ɗaya nake bara. In kin turo ta, tela ta ce kwana huɗu ta gama, ni kuma ba zan ba kowa saƙon ba. Na riga na damƙa wa Shitu odar mutanena, ya riƙe mini in ya dawo. Da kaina zan kawo, in zauna a tabarmar Umma, waya a kashe, ki faɗa mini duk abin da ya same ki tun daga ranar da na fita, ko zai kai shekara. In kuma kin yi shiru, zan jira, ba ni da wata bayan ke, ba kuwa zan yi ba.

Takardar awonki tana kan teburin tela, an danne ta da almakashi. Ikram, wane launi ne?

Naki jiya da yau, har ranar da za a kwantar da ni,
Sha'aban