Kifayen Maigida Suna Buɗe Baki

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da yara. Ƙafar Inna ta yi sauƙi? Ni lafiyata ƙalau.

Aiki na tafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Maigidana ya yi tafiya, ya bar mini tankunan kifinsa na bayan gida. Ba irin tarwaɗarka ba ne, 'yan gata ne, sai ruwan sanyi da injin hura iska. Jiya kifayen suka taso saman ruwa suna buɗe baki. Na tuna yadda kake watsa wa naka abinci in sun yi haka, na zuba musu har da ƙari. Ashe injin ne ya tsaya, iska suke nema.

Na gyara, na sauya ruwa. Wasu sun farfaɗo, da yawa sun juya ciki sama. Maigidan nan shi ya tsaya mini na zauna a ƙasar nan, kuma yau zai dawo.

Ka ce wa Inna ina cin abinci sosai, ta sa ni a addu'a. Duk motar da ta tsaya a ƙofa, sai in ji ni ma ina buɗe baki, kuma ba yunwa ba ce.

Ƙaninka.