A Sauke Hoton Matata Daga Bakin Titin Gyadi-Gyadi

Zuwa ga Mai Girma Alhaji, Shugaban Gidauniyar Tallafa wa Masu Rawar Ido ta Gyadi-Gyadi da Tarauni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Alhaji yana nan lafiya, da iyali, da 'yan kwamiti, da mai ɗaukar hoto, wanda a iya lurata shi ya fi kowa aiki a gidauniyar nan. Allah ya huce gajiyar taro.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, amma ka san matata, domin safe da yamma motarka tana bi ta ƙarƙashinta. Ita ce ta tsakiya a ƙaton allon da kuka kafa a bakin titin Gyadi-Gyadi, inda 'yan adaidaita sahu suke tsayawa, mai koren mayafi da baƙin tabarau da farar sanda. Ni sunana Sabo, ina da rumfar zare da allura da zif da maɓalli a kasuwar Tarauni. Boko na yi shi zuwa aji uku na sakandare, kasuwa ta ƙarasa mini sauran, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna. Sau uku ina zuwa ofishinku. Zuwan farko an ce Alhaji ya tafi ta'aziyya, na biyu ɗaurin aure, na uku sakatare ya ce in kawo kokena a rubuce. To ga shi a rubuce. Tunda kuma hoton a bainar jama'a kuka kafa shi, na ga ya dace takardar ma ta bi sahu.

Matata Rabi tela ce. Da rawar ido aka haife ta, wato ƙwayar idon tana kaiwa da komowa, hagu da dama, ba da sonta ba, ba ta kuma iya tsayar da ita. Abu na nesa yana yi mata dishi-dishi, hasken rana mai ƙarfi yana damunta, ba ta iya karanta lambar mota sai ta zo daf. Amma tana gani. In za ta duba abu sosai, sai ta ɗan karkata kai gefen hagu ta kawo shi kusa, a nan idon yake lafawa. Da haka take zura zare a allura, da haka ta shekara goma sha huɗu tana yanka leshin da ni mai ido tsayayye ko taɓa shi da almakashi ba zan yarda in yi ba. Tun tana yarinya an ce aljanu ne, an yi hayaƙi, an yi tofi. Da ta girma an ce harara take, an ce ba ta iya kallon mutum ido da ido don ba ta da gaskiya. Duk ta shanye, ta bar ɗinkinta ya yi mata magana.

Kafin in shiga koke, bari in ba kowa haƙƙinsa. Wannan tafiya ba ku kuka fara ta ba. Sista Hauwa, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a layinmu, ita ta fara tara mutane a tsakar gidanta ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ta yi musu bayani da Hausar da kowa zai gane cewa abin nan ba iska ba ne, ba kuma a ɗaukarsa a wurin wani. Madam Talatu, malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, ita ke bin ajujuwa tana roƙon a dawo da masu irin wannan ido bencin gaba. Tabarma uku ce da butar shayi. Wanda zai je asibitin ido a haɗa masa na mota, a samu mai raka shi. Babu rumfa, babu lasifika, amma Rabi takan dawo gida tana waƙa. Sai da abin ya fara suna, manya suka ji ƙamshi, aka ce a mayar da shi gidauniya, a yi taron ƙaddamarwa. Muka yi murna, mu ne wawaye.

Ga abin da idona ya gani a taron, wanda aka yi ranar Asabar, mako huɗu ke nan da suka wuce.

Na farko, wurin zama. An kafa rumfa biyar, huɗu na manyan baƙi, ɗaya ta kayan sauti. Waɗanda aka yi taron dominsu, su goma sha ɗaya, aka jera musu kujeru a fili, suna fuskantar rana, can nesa da babban teburi. Mutanen da rana ce babbar abokiyar gabarsu, mutanen da nesa ce matsalarsu. Na yi wa wani mai kati a wuya magana, ya ce ai dole a sa su inda kowa zai gan su. Allah sarki. An gan su kam, su ne dai ba su ga kowa ba.

Na biyu, takardar jadawalin taro. Hoton Alhaji ya cinye rabin shafi, kuma masha Allah ya yi kyau, hular ta zauna. Rubutun da ke ƙasa kuwa ƙananu ne kamar ƙwan tururuwa. Rabi ta kai ta har kan hanci, ta juya ta, ta haƙura ta yi fifita da ita.

Na uku, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Da aka gama jawabai aka zo hoton tarihi, mai hoto ya ɗauka, ya duba, ya ɓata rai. Ina tsaye kusa, da kunnena na ji ya ce, "Alhaji, akwai matsala fa. Waɗannan a hoto lafiyarsu ƙalau." Gaskiyarsa. Hoto ba ya motsi, saboda haka idon da ke rawa, da an ɗauke shi sai ya tsaya cak kamar na kowa. Ga mutum goma sha ɗaya fes-fes cikin kayan fita, ba abin tausayi ko na sisi. Kwamiti ya shiga ruɗani. Sai ma'ajinku, mutum mai kaifin basira, ya ce mai kuɗi ba ya buɗe aljihu don mai lafiya. Nan take aka tura wurin masu tallar tabarau a bakin danja aka kwaso baƙaƙe, wasu ma da takardar farashi a jiki. Aka buɗe bayan mota aka fito da fararen sanduna, waɗanda har yau ban san ranar da aka tanade su ba. Aka ce wa matata, "Hajiya, minti ɗaya ne, riƙe nan. Yawwa. Daidaita kanki, kin karkace." Ta daidaita. Ka ga kuwa in ta miƙar da kanta, komai sai ya haɗe mata, ga kuma baƙin gilashi. Saboda haka zan yi muku shaida ɗaya ko a gaban alƙali: a daidai lokacin da aka ɗauki hoton nan, ba ƙarya kuka yi ba, matata ba ta gani. Ku kuka yi aikin, cikin minti ɗaya, abin da ciwon ya kasa yi a shekara talatin da shida.

Na huɗu, kayan tallafi. Kowa ya samu shinkafa ƙaramin buhu mai hoton Alhaji, mun gode, mun ci, ta yi daɗi. An kuma bar wa kowa sandarsa da tabarau. Akwai keken guragu guda ɗaya da aka yi ta zagayawa da shi ana neman mai hawa, aka rasa, domin duk da ƙafarsu suka zo. Sandar Rabi tana bayan ƙofa, da ita ake kakkaɓe yanar gizo. Ina jin kunyar faɗin haka, domin a Daurawa kaɗai na san makafi biyu na gaskiya da suke dogara guntun icce, waɗanda da an miƙa musu ita da sun yi wa Alhaji addu'ar da ta fi tafin da aka yi masa.

Alƙawuran da aka yi ta shela a lasifika, wane ya ba da kaza, wane ya ninka, ban tambayi inda suka kwana ba. Ni ɗan kasuwa ne, na san alƙawarin taro kamar tayin mai wucewa yake. Wannan tsakaninku da Allah. Ni abin da ya dame ni allon ne.

Kwana uku da taro aka kafa shi, da rubutu ɓaro-ɓaro a sama: ku taimaka musu su ga haske. Wannan karon kam an samu manyan baƙaƙe. Ranka ya daɗe, ka taɓa jin matar da ta kai wa makauniya leshinta na Sallah? Washegari wata Hajiya da ta shekara bakwai ba ta da tela sai Rabi ta aiko a karɓo mata kayanta, da saƙon jaje da kwano na fura. Ƙungiyar matan cocin su Madam Talatu, da duk shekara a gidanmu ake ɗinka musu anko, suka zauna suka yanke shawarar kada su ɗora wa mara lafiya nauyi. Madam Talatu ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe cewa jiya jiya ta ga Rabi tana ɗinki, suka ce mata, "Ke Talatu, mu da muka gani a allo?" Mata suna ta sallama a gidana, ba mai riƙe da atamfa, kowa da "sannu, ya jiki, ashe abin da ya faru ke nan." Wata ma da za ta tafi ta kama hannun Rabi ta nuna mata ƙofar ɗakinta.

Wannan rabin gari ke nan, masu tausayi. Ɗaya rabin su ne masu wayo, waɗanda suke ganinta tana tafe kasuwa ba sanda ba jagora. Ta tsayar da adaidaita a ƙarƙashin allon, direban ya dubi sama, ya dube ta, ya ce, "Ikon Allah! Hajiya ido ya buɗe? Don Allah wane malami ne, ina da kawu." Fasinjoji suka kwashe da dariya. Ni kuma a kasuwa maƙwabcin rumfata ba ya gaishe ni sai ya rufe ido ya miƙo hannu yana laluben iska, yana cewa, "Sabo, a sa mu a layi mana, mu ma idonmu yana ƙaiƙayi." Ka ga an raba mana gari biyu: masu cewa ta makance, da masu cewa 'yar damfara ce. Babu wanda zai ba ta ɗinki a cikinsu.

Ba zan wanke kaina ba. Rabi ba ta so zuwa taron ba. Ni na lallashe ta, ni na sa hannu a takardar amincewa da ban karanta bayanta ba, domin an raɗa mini cewa za a raba kekunan ɗinki masu amfani da lantarki. Ni da nake sayar wa mai wayo zare, aka sayar mini da iska. Garin neman gira mun tashi rasa ido. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. A da in na shigo layinmu da la'asar, tun daga bakin kwata nake jin ƙarar kekenta. Yanzu an lulluɓe shi da zani. Ta daina zuwa zaman gidan Sista Hauwa, kuma ba ita kaɗai ba, domin iyaye uku sun janye 'ya'yansu, suna tsoron kada gobe a rataya su a titi.

Alhaji ya sani, ko kuma Hajiyarsa za ta gaya masa, shekarar tela wata ɗaya ce. Azumi saura kwana goma sha biyu. A goman farko mata suke raba kayansu, wadda ta kai wa wani telan bana, in ya yi mata daidai, ta tafi ke nan. In allon nan ya kai ganin wata, abin da matata ta gina da karkataccen wuya a shekara goma sha huɗu ya rushe.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi. A sauke allon kafin Juma'a mai zuwa. A sa mai lasifikar da ya zagaya Tarauni da Unguwar Gano yana gayyatar taro ya sake zagayawa, ya faɗa wa mutane cewa masu rawar ido suna gani, suna karatu, suna sana'a, kuma sanda da tabarau na kwamiti ne. A tattara sandunan a kai wa masu su. In kuma akwai abin da ya rage a asusu, a je tsakar gidan Sista Hauwa a zauna a tabarma a tambayi mutanen me suke buƙata. Za a sha mamakin arharsa: gwajin ido, gilashin da likita ya rubuta, fitila mai kyau, littafi mai manyan baƙaƙe. Matsalarsu ɗaya, ba sa kyau a hoto.

Idan Juma'a ta wuce allon yana nan, ba za mu kai ƙara ba, ba za mu yaga ba, mu ba 'yan tayar da zaune tsaye ba ne. Jiya Rabi ta buɗe baki ta faɗi abin da za ta yi, ni kuma na riga na yi magana da mai kurar dakon kaya. Ranar Asabar da hantsi za a ɗauko kekenta a ajiye a gindin allon, daidai ƙarƙashin sandar da ke hoton. Za ta zauna ta zura zare a gaban kowa, ta ɗinke wa duk mai wucewa abin da ya yage, kyauta, har la'asar. Zaren daga rumfata ne. Madam Talatu ta ce za ta kawo lema. Duk wanda ya tsaya ya dubi sama ya dubi ƙasa ya nemi bayani, ba za mu ce komai ba, lambar wayar ofishinku tana jikin allon, kuma da girmanta.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya sa gidauniya ta amfani waɗanda aka kafa ta dominsu, ya nuna mana azumi lafiya. Allah ya tsare shi da irin taimakon da aka yi mana.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sabo Mai Zare,
Kasuwar Tarauni, Kano.