An Wanke Aninan Baba

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Hadiza da yara. Yaya aiki a Agadas, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan Matamaye lafiya lau.

Bayan sadakar arba'in mun buɗe ɗakin Baba. Ka san akwatin tsofaffin kuɗinsa da baƙi ke zuwa gani tun daga Damagaram da Kano, aninai masu huda da azurfa ta zamanin da. Kowanne kuɗi Baba ya naɗe shi a 'yar takarda, ya rubuta da ajami sunan wanda ya ba shi da garinsa.

Ranar Talata na tafi Dawce gaisuwa. Kafin in dawo Inna ta kwance su duka, ta wanke da tsamiya da toka, wai kada a ce mun bar kayan Alhaji da datti. Takardun kuwa ta ɗauka ayoyi ne, sai ta ƙone su don kada a taka.

Ban yi faɗa ba. Ban ma ji komai ba. Ta miƙo mini su a faranti ta ce, "Rabi, dubi yadda suka yi haske." Na ce, "Sun yi, Inna."

Ranar Juma'a wani malami zai zo daga Yamai don ya rubuta tarihinsu. Ban san abin da zan gaya masa ba. In ka tuna ko suna ɗaya, rubuto mini.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutan gida. In ka kira Inna, ka ce mata ta kyauta.

Ƙanwarka,
Rabi