A Mayar Mana da Shekara Dubu da Ɗari Biyun Rudmersheim

Daga: Dakta Hildburg Assenmacher,
Shugabar Ƙungiyar Tarihin Ƙauyen Rudmersheim,
Layin Coci, Rudmersheim.

Zuwa ga: Mai Girma Gotthard Lindemeier,
Shugaban Gundumar Erlenau.

14 ga Afrilu, 2026

Game da: Hukuncin da Daraktan Al'adu na Gunduma, Herr Eckehard Dornauf, ya yanke na miƙa wa ƙauyen Rudmersbach tarihin da ba nasa ba

Mai Girma Shugaba,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina rubuto maka wannan takarda da yawun ƙungiyarmu da mutanen Rudmersheim baki ɗaya. Ni tsohuwar malamar Latin ce, na yi ritaya, kuma ban saba damun hukuma ba. Amma abin ya kai inda shiru zai zama amincewa.

1. Kamar yadda ofishinka ya sani, ƙauye yana ƙidaya shekarunsa daga ranar da aka fara ambatonsa a rubuce. Namu ambaton yana cikin kundin fata na gidan zuhudu na Hohenlinde, inda sufaye suka rubuta ushirin da kowane ƙauye ya kai musu a shekara ta 826. Layin ya lissafa alkama da kaji da gangunan ruwan inabi daga wani wuri mai suna "Ruotmares…", sai danshi ya cinye ƙarshen kalmar. Masana sun daɗe da yarda cewa "Ruotmaresheim" ce, wato gidan Ruotmar, mutumin da ya fara kafa bukka a kan tudunmu. Bakin mutane ya goge sunan a hankali, har tsofaffinmu suna cewa "Rummersem". A kan wannan muka tsayar da bikin cikarmu shekara dubu da ɗari biyu a ranar 20 ga Yuni mai zuwa, kuma ofishinka ya amince a rubuce tun shekara uku da suka wuce.

2. A ranar 9 ga Maris, Herr Dornauf ya aiko mana da takarda mai layi shida cewa, bayan abin da ya kira "sabon bincike", kalmar da ta lalace "Ruotmaresbach" ce, saboda haka bikin na maƙwabtanmu ne. Na je ofishinsa na nemi ganin binciken. Sai ya juyo mini da kwamfuta ya nuna mini hoton ramin da ke jikin fatar, ya ɗora ƙaramin ma'auni a kan gilashin kwamfutar, ya ce faɗin ramin ya fi dacewa da "bach". Mai Girma, harufa huɗu ne a nan, huɗu ne a can. Da na faɗa masa haka, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Kaka, ki je ki huta, ki bar wa masu aikin aikinsu." Ban haifi uwarsa ba, ban haifi ubansa ba, kuma da na haife su da sun koya masa ƙirga.

3. Layin ya ambaci ruwan inabi. Tudun Rudmersheim yana fuskantar kudu, kuma har yau inabi muke nomawa. Rudmersbach kuwa kwari ne mai sanyi wanda rana ke leƙawa da tsakar rana ta wuce abinta. Dankali suke nomawa, shi ma sai shekara ta yi kyau. Ina roƙon Herr Dornauf ya nuna mini kurangar inabi ɗaya da ta taɓa yin 'ya'ya a can.

4. "Bach" rafi ne. Rudmersbach na nufin rafin Ruotmar, wato rafin da ke gangarowa daga ƙauyenmu, wanda iyayenmu mata suka yi wanki a cikinsa kafin ruwan ya isa gare su. Sunan bai bayyana a kowace takarda ba sai a shekara ta 1241, a matsayin wurin niƙan hatsinmu. Ba na zargin mutanen Rudmersbach. Mutanen kirki ne gwargwadon hali, kuma wanda aka miƙa wa shekara ɗari huɗu kyauta ba zai mayar ba. Ko da yake ban ji daɗin yadda magajin garinsu ya tsayar da ni a bakin gidan burodi ya ce, "Dakta, yanzu fa mu ne yayyenku, sai ku riƙa gaishe mu," ba.

5. Ba zan ce komai ba game da cewa surukin Herr Dornauf ne ke da masaukin baƙi ɗaya tilo da ke Rudmersbach. Na ambata ne kawai don fayil ya cika.

6. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Yayana Wendelin masassaƙin dutse ne, shekararsa tamanin da ɗaya, hannunsa na rawa. Likita ya hana shi aiki, amma ya ce dutsen tunawa na bikin nan ba wanda zai sassaƙa sai shi. Hunturu biyu ya yi a kansa, wata rana harafi ɗaya kacal yake iya gamawa. Mun kafa dutsen a ƙofar coci cikin watan Fabrairu. A ranar 23 ga Maris, ba sanarwa ba sallama, motar gunduma ta zo ta ɗaure shi da sarƙa ta tumɓuke, bisa umarnin Herr Dornauf, wai yana ɗauke da "bayanin da ba a tabbatar ba". Wendelin yana tsaye da takalmin ɗaka yana kallo. Abin da ya ce wa direban kawai shi ne ya sa bargo a ƙarƙashin sarƙar. Ba a sa ba. Yanzu dutsen yana kwance a harabar ma'aikatar hanyoyi, kusa da tulin gishirin da ake watsa wa ƙanƙara, gefensa ya ɓalle. Tun ranar yayana bai sake shiga rumfar aikinsa ba, kuma ni nake kai masa miya ina dawowa da ita.

Saboda haka, Mai Girma Shugaba, cikin ladabi muke roƙon:

Na farko, a soke hukuncin ranar 9 ga Maris.

Na biyu, a dawo da dutsenmu inda aka ɗauke shi kafin ƙarshen wannan wata, cikin bargo, kuma a ba Wendelin Assenmacher haƙuri a rubuce.

Na uku, in ofishinka yana ganin akwai sauran shakka, to a tara ƙauyukan biyu a zauren taronmu, a kawo hoton shafin, a miƙa wa Herr Dornauf ya karanta layin da ƙarfi cikin Latin ya fassara, ba tare da kowa ya raɗa masa ba. Kalma goma sha ɗaya ce. In ya kai ƙarshen layin lafiya, zan janye wannan ƙorafi a gaban kowa, in taka da ƙafata zuwa Rudmersbach in gaida yayyena.

Ina fatan samun amsarka cikin hanzari. Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya, cikin cikakken girmamawa,

Dakta Hildburg Assenmacher
A madadin Ƙungiyar Tarihin Ƙauyen Rudmersheim