Koren Ɗigon Da Ke Kusa Da Sunanka

Zuwa ga maigidana, Baban Habibu, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan randa bayan dawowa daga gona, sanyin da ke biyo ruwan farko in ya sauka a kan fakon Adar. Ya zumar da ban ƙoshi da ita ba! Ya tafkin zuciyata, wanda ya fi na Tabalak jure wa fari! Ina gaishe ka gaisuwar macen da ta gaji, amma ba da kai ta gaji ba.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san sai da na yaye Latifa, autarmu, sannan na zauna a kan tabarmar karatun manya gaban Malama Ummul Kulsum, kuma har yau yatsana tafiyar tsohon jaki yake yi a kan baƙaƙe. Na fara wannan takarda tun hatsi bai fitar da kai ba, ga shi yau ya fara nauyi. Ina rubuta ta a cikin akwatin saƙonka na Zauren Ƴan Adar, don ban san wata ƙofa a duniya da nake sa ran za ka biyo ba in ba wannan ba.

Ka tuna la'asar ɗin nan, ana gobe za ka tashi Aljeriya? Muna zaune a gindin aduwar tsakar gida, kana warware igiyar jakarka kana sake ɗaurewa, ni kuma ina yin kamar tsintar wake nake yi don kada ka ga idona. Sai ka miƙo mini tsohuwar salularka. Ka ce lambar waya tana mutuwa a kowace iyaka, amma sunan mutum a zauren nan na intanet ba ya mutuwa, nan ne ƴan cin rani na Tawa da Kalfu da Tebaram ke haɗuwa su yi fira, su ba da labarin wanda ya isa da wanda ya kwanta ciwo. Ka kama yatsana da hannunka, hannun nan mai kaushi kamar ɓawon bagaruwa, ka ɗora shi a kan wani ɗan akwati mai rubutun Faransanci. Ka ce ma'anarsa, a bar ni a ciki. Ka nuna mini wani wuri ja can ƙasa, ka ce, "Zalika, wannan ƙofar fita ce. Kada ki taɓa ta, ko da kaza ta taka miki ita ki yanka ta." Na yi dariya har waken ya zube. Ka faɗa mini kode, mabuɗin shiga zauren, sau ɗaya, baƙaƙe da lambobi a cakuɗe, amma ni a ranar ba kode nake saurare ba, muryarka nake ɗurawa a kunnena kamar mai cika tulu kafin rijiya ta janye. Kafin motarku ta wuce Abalak na manta shi.

To me ya dame ni da kode, tunda ka bar ni a ciki? Da sunanka ka bar ni, kai ma da sunan kake shiga daga can. Ɗaki guda, mutum biyu, kamar yadda muka saba.

Watannin farko, wayyo daɗi! Kana ajiye mini saƙo da manyan baƙaƙe don in iya karantawa ba sai na kira kowa ba. KIN CI ABINCI? RANA TA NAN BA TA KAI TA TAWA BA. NA YI MAFARKIN KOPTONKI NA ZOGALE. Nakan ɗauki yini ina tauna layi ɗaya kamar kilishi. Kuma a gefen sunanka akwai wani ɗan ɗigo kore shar, kamar ganyen albasa ya huda ƙasa. Na tambayi Malama, ta ce alama ce mai sunan yana cikin zauren a wannan lokacin. Tun daga ranar na sa masa suna fitilarka. Duk sa'ad da na buɗe salula, tana kunne. Da asuba tana kunne. Ina tsaka da daka in share hannu in leƙa, tana kunne. Na ce a raina, wace mace ce a Adar aka so kamar ni? Mijina yana bayan Sahara, yana ɗaukar siminti a ka, amma ban taɓa leƙawa na tarar ba ya jirana ba!

Bayan ƙaramar Salla ka rubuta cewa za ku koma wasu lambuna a bayan Tamanrasat, inda rezo, wato layin waya, ke wuya. Daga nan ba ka sake rubuta komai ba. Lambarka ta daina shiga. Babbar Salla ta zo ta wuce, damina ta sauka, mun yi shuka a gonar Kalfu, mun yi noman farko, mun yi maimai. Shiru.

Amma fitilar tana kunne, masoyina, tana kunne! Da ita na riƙe gidan nan. Latifa takan tashi da safe ta ce a nuna mata Baba, ta ɗora leɓenta a kan gilashin har ya yi danshi. Habibu kuwa, ɗanka da ya kai ka tsawo kuma ya gado taurin kanka, tun farkon damina yake cewa zai bi bayanka. Kullum sai in juya masa salula in ce duba, ga ubanka nan, lafiyarsa lau, aiki ne ya hana shi magana. Sai ya ɗauki hauya. Abokanka na zaure ma suna ganinta. Aghali, Buzun nan direba da kuka yi zama ɗaki ɗaya, ya yi ta tsokanarka a gaban jama'a: "Kai Ba'adare, kullum kana laɓe a zaure ba ka sallama. Ka yi arziki ne ka daina gaida talakawa?" Wani ya ce ai amarya ka yi, ta ƙwace maka baki. Na karanta na yi murmushi, na ɗan ji haushi kuma, na ce bari ya dawo mu yi ta.

Na yi wa salular nan hidimar da ban yi wa jinjiri ba. In an ɗauke kuran, wutar lantarki ke nan, in naɗe ta a gefen zane in bi rana har shagon mai sola a yi mata caji. Na hana kaina goro don in sa mata megan shiga intanet. Ba ta taɓa kwana a ƙasa ba. Na ji tsoron ruwa, na ji tsoron ɓarawo, na ji tsoron yatsun Latifa kusa da jan wurin nan. Ina tafiya da kai a ƙugu kamar mai ɗauke da ƙwai, har na manta yadda ake barci ba tare da an farka an laluba ba.

Ranar kasuwar Lahadi batir ya kumbura, bayan salular ya ɗaga. Na kai wa Haruna mai gyara, na roƙe shi da girman Allah kada ya bari in fita daga zauren, don nan kaɗai nake ganin fitilar maigida. Ya ce wace fitila, Inna? Na nuna masa. Shi ma ɗan zauren ne, sai ya ciro tasa salular ya nemo sunanka, ya aza su biyu a kan teburi. Ya kashe wadda ka bar mini. Muna tsaye, masu kura na wucewa, mai cuku tana talla, sai na ga a cikin tasa fitilarka ta dushe, ta koma toka. Ya kunna, na shiga kamar kullum, ta dawo kore shar. Ya ce, a hankali kamar mai yi wa mutum ta'aziyya, "Inna, wannan ke ce."

Ni ce, Baban Habibu. Ni ce!

Duk watannin nan fitilar da ke hannuna nake hange ina cewa ga wutar gidan masoyina. Na leƙa rijiya na ga fuska, na yi ta gaishe ta, ban gane mai ɗiban ruwan ba ce. Wa nake yi wa murmushi da asuba? Wa Latifa take sumbata? A kan wa na yi kishi? Abin da ya fi ci mini rai, ba ni kaɗai na ruɗu ba. Da sunanka ya yi duhu tun bayan Salla, da Aghali da sauran sun ce ina Ba'adare, da an bi lambunan nan an tambaya. Suka gan ka kullum a zaure, suka ce lafiya kake. Ka ce in zauna a ciki, na zauna, zaman nan nawa ya rufe ka kamar yadda yashi ke rufe sawun raƙumi. Ina kake, ruwan idona? Ciwo ne? An kama ku ne? Salular ce ta faɗi? Ko kana nan kana kallon taurarin da nake kallo, kana cewa ai Zalika ta san ba zan yi shiru da gangan ba?

Na gaji. Ƙafafuna sun gaji, idona ya gaji da ƙananan baƙaƙe, bakina ya gaji da cewa lafiya lau in maƙwabta sun tambaya. Ko kuka na nema ranar nan ban samu ba. Na dawo gida na dafa tuwo.

Washegari na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na rubuta a tsakiyar zauren, gaban maza, ni da ko a zauren gidanmu ban taɓa ɗaga murya ba. Na ce wannan ba shi ba ne, matarsa ce, tun ƙaramar Salla ni kaɗai ce a ciki, don Allah a nemo mini shi. Ba a jima ba Aghali ya amsa, babu wasa ko kaɗan: "Uwargida, ki yafe mana, mun yi dariya inda ba wurin dariya ba. Ran Juma'a zan bi lambunan ɗaya bayan ɗaya." Wasu suka ce za su tambaya a gidajen da ƴan Adar ke sauka.

Na faɗa wa Habibu da bakina, kafin ya ji a waje. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce zai tsaya ya yanke hatsi, ya ɗaure dammuna, ya zuba a rumbu, don kada ya bar mu da yunwa. Ranar da ya rufe bakin rumbu, ya ce, zai hau motar Agadas. Ba ni da abin da zan juya masa in ce duba. Hanyar nan ta karɓi ɗaya ba ta ba ni labari ba, yanzu tana miƙo hannu ga na biyu. Kullum in na je gona ina duban zangarniya ina roƙonta ta yi jinkirin nuna. Ka taɓa jin manomiyar da ke roƙon hatsinta kada ya nuna?

Saboda haka zan saɓa maka, hasken gidana, karon farko tun da aka kawo ni ɗakinka. In na gama wannan takarda zan taɓa jan wurin nan. Haruna ya ce in dai ina ciki da sunanka, duk leƙen da na yi zan sake kunna fitilar ƙarya, ni kuma na san hannuna, ba zai iya daina leƙawa ba. In na fita ba ni da kode, ba zan sake shiga ɗakin nan ba sai ranar da ka buɗe mini. Saƙonninka masu manyan baƙaƙe za su zauna a ciki ba tare da ni ba. Kada ka damu, na haddace su kamar Fatiha. Zan rufe ƙofar nan, wallahi, kamar ranar da na ja ƙyauren gida bayan ka sha kwana.

Haruna zai buɗe mini nawa wurin. Na riga na gwada rubuta sunan a ƙasa da tsinke: Zalika, matar Jibrilla. Ka gani? Sunan da bakina ya yi shekara da shekaru yana jin kunyar faɗa, ga shi hannuna ya rubuta, bai ko yi kuskure ba. Jibrilla. Jibrilla.

Daga gobe za a ga sunaye biyu a zauren, ɗaya kore, ɗaya toka. Ba na roƙonka kaya, ba na roƙonka dogon bayani. Ko salular wani ce ka ara, ko a kan tudu ne sai ka hau kafin rezo ya kama, ka shiga, ko na ƙiftawar ido. Ka kunna ta kafin Habibu ya rufe rumbu. Ranar da ɗigon nan ya yi kore, zan san babu hannuna a ciki, kuma Tawa duka za ta ji guɗata.

Ni ce wadda ka bari a ciki, wadda za ta fita yau don ta bar maka wurinka, ta zauna a bakin ƙofa. Rani ya zo ya same ni a nan, damina ta zo ta same ni a nan, furfura ma in ta zo ta tarar ina jira. Ban da wani sai kai, ba zan yi wani ba bayanka.

Matarka,
Zalika