Na Kashe Irin Kindirmon Matata

Bahanji Damayanti, 'yar'uwa, don girman Allah ki taimake ni, kwana goma kacal suka rage mini.

Ban taɓa zaton zan rubuto wa wannan fili naki na jarida ba. Matata ce mai karanta ki, ni kuwa da na iso shafinki sai in tsallake in nufi labarin wasan kurket. Har tsiya nake yi mata, wai me ya rage a koya wa macen da ta shekara arba'in da ɗaya a gaban murhu. Yau ga ni da alƙalami a hannu.

Shekarata sittin da tara, aikin haɗa magani na yi a asibiti har na yi ritaya. Wata huɗu ke nan da rasuwar matata. 'Yarmu ɗaya ce, zan kira ta Ketaki ko da yake ba sunanta ke nan ba, tana aure a birnin Pune, a hawa na tara na wani dogon gini. Ana gama kwana goma sha uku na makoki ta fara haɗa mini kaya. Na ƙi. A gidan nan na kawo uwarta, bishiyar gwaibar da ke tsakar gida tare muka dasa ta, ina zan je in zauna a sama kamar tantabara? Muka yi ta ja, a ƙarshe ta yarda in zauna, amma da sharaɗin zan ci dafaffen abinci sau biyu a rana, kuma ni zan dafa. Ta ce ranar da ta same ni ina rayuwa da shayi da biskit, ba za ta ƙara tambayar ra'ayina ba.

Bahanji, ashe ban san komai ba. Na shekara talatin da biyar ina manna wa kwalabe suna, amma gwangwanin kayan ƙamshin matata mai kofuna bakwai babu ko ɗaya da aka rubuta wa suna. Da ranta, in na tambaye ta gishiri nawa, sai ta ce daidai. Daidai nawa ne a cokali? Ranar da na fara dafa dal, miyar wakenmu, a tukunya mai fito, na cika ta da ruwa har wuya, ta fesa wa rufin ɗakin girki ruwan kurkum, har yau tabon yana nan. Capatina kuwa, gurasar da muke gasawa a kasko, in ya huce sai an jiƙa shi a shayi kafin haƙori ya shige shi. In na zo soya kayan ƙamshin da ake zuba wa dal a ƙarshe, tafarnuwa ta ƙone tun ƙwayar mastad ba ta fara tsalle ba. Awa biyu nake yi a kan abin da take gamawa tana hira da mai sayar da kayan miya ta taga. Da farko makwabta sun yi ta aiko da abinci, na mayar da kwanukansu na ce na gode, na iya. Ban iya ba, kunya ce.

Duk wannan ba shi ya sa na rubuto ba.

Ranar da aka kawo matata gidan nan, ta zo da ɗan kofin tagulla da cokali biyu na irin kindirmon mahaifiyarta daga garin Rewa. Da shi ta haɗa na farko. Kullum da yamma takan rage cokali guda ta zuba a sabuwar madara, haka har shekara arba'in da ɗaya, bai taɓa yankewa ba. Tana gadon asibiti ma sai da ta tambaya ko an haɗa. Bayan ta tafi na ci gaba da yi, yana kuma kamawa, ban san dalili ba. Yanzu na gane sa'a ce: ina tafasa madara in tafi sauraron labarai in manta da ita, kafin in dawo ta huce.

Da sanyin Disamba ya shigo sai ya fara yin ruwa-ruwa. Hankalina na ɗan asibiti ya ce mini ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Na dafa kwanon a ruwan zafi, na dafa cokalin, na tafasa madara, tana cikin tafasa na juye mata duk sauran irin, ban rage ko ɗigo ba, wai don in tabbatar. Da safe madara ce kawai. Na jira kwana biyu, ta yi wari. Na zubar da ita a gindin gwaiba, na zauna a bakin ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar da muka kai matata. Ni da na karanta a littafi cewa abu ne mai rai, ni na dafa shi da hannuna.

Kullum Ketaki ta kira sai ta tambaya ko kindirmon Amma, wato uwarta, yana nan, ni kuma in ce yana nan. Mako uku ke nan ina wannan ƙarya. Nan da kwana goma za ta zo, har ta ce ta sayi 'yar kwalba za ta ɗebi cokali guda ta tafi da shi Pune. In ta gano, za ta gano sauran, kuma za ta tafi da ni. Na sayo na kanti, yana firji ban buɗe ba. In haɗa da shi in yi shiru? Ai ba za ta bambance ba, ko? Kuma ki koya mini abin da zan iya dafawa cikin kwana goma wanda zai sa a bar ni a gidana.

Tsohon mai haɗa magani, Jabalpur

Bhaisahab,

Ɗan'uwa, Ubangiji ya ba ka haƙurin rashin abokiyar zamanka. Na kantin nan ka ci shi da shinkafa yau da rana, kada ka haɗa komai da shi. Ko harshen 'yarka bai gane ba, kai za ka sani, kuma duk safiya za ka dube ta tana ɗagawa da hannu biyu kamar abin ibada. Ba za ka iya ɗaukar wannan ba, na gani a rubutunka.

Bari in tsaya wa Ketaki kaɗan. Ba gidanka take so ta raba ka da shi ba. Ta rasa ɗaya, tana tsoron wata rana a kira ta a ce an tsinci na biyun ya faɗi da yunwa a cikinsa. Tana da gaskiya. Kai ma kana da taka, mutum ba tukunya ba ne da za a ɗauke daga wannan kanta a ajiye a waccan. Abin da zai kwantar mata da hankali shi ne ta ga kana ci, kuma ta ga akwai masu leƙo ka. Mu fara da cin.

Ka manta da girki iri-iri, abu uku sun ishe ka. Dal: kofi ɗaya, ka jiƙa shi rabin awa, ruwa kofi uku, kurkum rabin ƙaramin cokali, gishiri ƙaramin cokali ɗaya ba tozo. Kada tukunya ta wuce rabi, ka ɗiga mata mai kaɗan, shi ke hana kumfa fesowa. Fito uku, ka kashe wuta, ka bar ta ta huce da kanta. Ka dafa na kwana biyu lokaci guda, amma ƙamshin ka soya sabo kullum, minti ɗaya ne. Shi kuma bi-da-bi ake yinsa: man shanu ya yi zafi, mastad ya shiga ya gama tsalle, ka rage wuta, sannan tafarnuwa da barkono. Tafarnuwa na fara yin ja-ja ka juye a kan dal.

Capati: da ruwan ɗumi ake kwaɓawa, ya fi abin da kake zato laushi, ka rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle minti ashirin. Kasko ya yi zafi sosai kafin ka ɗora. Ranar da hannu ya ƙi, ka zuba shinkafa da dal da duk ganyen da ke gidan a tukunya ɗaya, fito uku, kicidi ya samu, ba wanda zai kira shi biskit. Citta da tafarnuwa ka niƙa na mako guda ranar Lahadi, da ɗan gishiri da mai, ka sa a kwalba a firji. Kofunan ƙamshin nan kuwa, ka manna musu suna mana. Yanzu ɗakin girkinka ne, kuma auna abu da cokali ba laifi ba ne, sana'arka ce.

Kindirmo ba cuta ta kama shi ba, sanyi ya ji. Ka tafasa madara, ka bar ta har sai ka iya tsoma ƙaramin yatsa ka ƙirga goma ba tare da ka janye ba. Da sanyi cikakken cokali ake sawa, da zafi rabi. Ka juya sau ɗaya, ka rufe, ka naɗe kwanon da tsohon mayafi, ka ajiye inda iska ba ta kaiwa, kada ka leƙa. Kuma kullum ka fara cire na gobe kafin ka ci na yau.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Ka shekara talatin da biyar kana fita aiki da safe, ba ka san abin da ake yi ta bayan gida ba. A duk unguwar da na sani a ƙasar nan, macen da kindirmonta ya lalace, ko ta dawo daga tafiya, kofi take ɗauka ta ƙwanƙwasa wa makwabciya. Ga wa kake tsammanin matan layinku suke zuwa, in ba ga wadda nata bai taɓa yankewa ba? Ban yi maka alkawari ba, amma zan yi mamaki ƙwarai in babu gida biyu ko uku a layin nan da irin Rewa suke ci har gobe. Ka fara da tsohuwar da ta fi kowa kuka ranar rasuwar. Ka tambaye ta daga ina nata ya fito, kuma ko ta taɓa sake shi da na kanti.

Na san tsayawa a ƙofar mutanen da ka mayar wa kwanuka zai yi maka nauyi. Minti biyu ne, kuma za su fi ka jin daɗi. Kafin ka fita, ka kira Ketaki ka gaya mata abin da ya faru, da yadda ya faru, har da kukan. Za ta yi faɗa, ka bar ta ta yi. Uban da ke faɗa mata gaskiya, wanda makwabta ke shiga gidansa, ya fi sauƙin bari shi kaɗai.

Ba ka kashe abin da ta bari ba, Bhaisahab, kason gidanka kawai ka ƙona, sauran ta riga ta raba shi cokali-cokali tun kana wurin aiki. Ka wanke kofi ka je ka karɓo. Ina yi maka fatan madara ta kama, kuma 'yarka ta koma Pune da kwalbarta cike, ta bar ka a gidanka.

Damayanti